Gurasar da Mai Zare Ta Riƙe

Tun da gari ya waye ranar Asabar ɗin nan Auta ta kasa zama wuri ɗaya. Ta share falo, ta goge tebur, ta sauke labule ta sake rataye shi, sannan ta dawo ta ƙara share falon da ba wanda ya taka. Innarta na zaune a bakin ƙofar kicin tana tsince shinkafa, tana binta da wutsiyar ido.

"Ke Auta, simintin nan laifi ya yi miki ne? Za ki kankare mana shi."

"Inna, gobe fa za su zo!"

"Gobe na ji kin ce. Zauna ki taya ni, kina sa ni jiri."

Ta zauna, ta tsinci tsakuwa biyu, ta miƙe.

Auta ita ce ƙaramar 'ya a gidan Katekis. Tela ce, tana da ɗan shago a bakin titi mai keke biyu da madubi ɗaya. Ubanta ya shekara talatin da ɗaya yana hidima a cocin Katolika. Shi ke koyar da masu shirin baftisma, shi ke karanta sanarwa, kuma in lokacin karɓar tarayya ya yi, wato gurasar jibin Ubangiji, shi ke tsayawa a gefen Fada yana kallon hannun kowa da bakin kowa.

Wanda take so kuwa Dogo ne, mai aikin wayarin wutar lantarki. A shagon uwarsa suka haɗu, inda Auta ke sayen zare da zif da maɓalli, shi ya sa kowa ke kiran uwar Mai Zare. Mace ce mai faɗin kafaɗa da kaifin baki, shugabar mata a cocinsu na Furotesta, inda bango yake fari fat, ba hoto ba mutum-mutumi. Shekara biyu aka yi ana jan zancen auren nan. Katekis ya ce ba zai ba da 'yarsa ga mutanen da suka bar gidan uwa suka kafa rumfa a waje ba. Mai Zare ta ce ɗanta ba zai kawo mata mai durƙusa wa siminti da fenti ba. Yaran suka yi ta bi, suka yi ta roƙo, har tsofaffin suka gaji. A ƙarshe Katekis da kansa ya aika cewa Mai Zare ta zo Mas ranar Lahadi ta ga yadda suke sujada da idonta, in an tashi a wuce gida a sa ranar aure.

Katekis ya fito daga ɗaki da tabarau a kan hanci da littafin addu'a a hammata.

"Auta, kin faɗa mata?"

"Me fa, Baba?"

"Zancen tarayya mana. Tun ranar Talata na aike ki. In an tashi karɓa, ta zauna a wurinta, ba wanda zai ga laifinta. Wanda ba ɗan Katolika ba ba ya karɓa. Kin faɗa?"

"Na… na faɗa, Baba."

"Madalla. Me ta ce?"

"Ta ce to."

Ya gyaɗa kai ya fita.

Ƙarya ta yi. Ranar Talatar ta je shagon da maganar a bakinta. Amma Mai Zare, wadda da ko amsa gaisuwarta ba ta yi sai da hanci, a ranar ta jawo mata kujera, ta ce mata "'yata", ta auno mata leshi yadi biyu ta ce ta sa a wuyan rigar aure. Ta yaya za ta buɗe baki ta ce wa matar nan akwai teburin da ba ta isa ta matsa kusa da shi ba? Sai ta haɗiye. Ta ce a ranta za ta faɗa wa Dogo. Da ta ga Dogo, yana ta zolayarta da zancen fankar da zai ɗaura musu a ɗaki, nan ma ta haɗiye. Dabarar da ta rage mata ita ce ta zauna kusa da Mai Zare a coci, in an tashi ta riƙe mata gefen zane ta raɗa mata a kunne. Irin dabarar yara ke nan, a bar aikin yau a jingina shi da sa'ar gobe.

Da safiyar Lahadi, ko ƙofar coci ba su gama shiga ba shugabar mawaƙa ta cafke hannun Auta.

"Ina kika shiga? Mutum biyu ba su zo ba, muryarki kaɗai ta rage a layin nan. Wuce gaba!"

"Anti, don Allah, ina da baƙi…"

"Baƙin ba su da ƙafar zama? Wuce!"

Haka Auta ta tsinci kanta a can gaba cikin mawaƙa, Mai Zare da Dogo kuma a benci na shida, Inna a ɗaya ɓangaren tare da ƙungiyar mata. Mai Zare ta sha ado, ɗaurin kanta kamar zai taɓa fanka. Ta ga mutum-mutumin Maryamu da kyandirori a gabansa, ta kau da kai. Aka tashi ta tashi, aka zauna ta zauna. Da aka durƙusa ta sunkuyar da kai. Ta zo ne da niyyar zaman lafiya, wannan kam ba mai musu.

Auta na waƙa, idonta na kan benci na shida. Sau biyu ta shiga baiti kafin lokaci, shugabar ta harare ta.

Aka fara layin tarayya. Dogo ya taɓa raka abokinsa Mas, ya san ba a karɓa, amma ya ɗauka an riga an faɗa wa uwarsa, hankalinsa kuma yana wajen Auta. Kafin ya waigo, Mai Zare ta miƙe tare da 'yan bencinsu ta shiga layi. Wani mutum mai ƙiba ya tsaya a gabanta, Katekis bai hango ta ba sai da ta iso. Fada kuma baƙo ne a wurin, watansa uku, bai gama sanin fuskoki ba. Ta miƙa tafin hannu kamar yadda ta ga ana yi, ya ɗora mata gurasar.

Ba ta ci ba. Ta rufe ta da ɗaya hannun a hankali, ta juya ta nufi wurin zamanta.

A cocinsu haka ake yi. Kowa ya karɓi nasa ya riƙe, sai an tabbata na ƙarshe ya samu, sannan Fasto ya ce a ci, a ci gaba ɗaya. Amma a wurin Katekis abin da ke tafin matar nan Jikin Almasihu ne kansa, kuma ga shi ana tafiya da shi. Tsohon ya bi ta da sauri irin wanda ba a taɓa gani a ƙafarsa ba, ya kama wuyan hannunta a tsakiyar coci.

"Ina za ki da shi?"

Waƙa ta tsaya. Aka ji kukan wani jariri a baya.

"Sakar mini hannu," in ji Mai Zare a hankali.

"Buɗe hannunki! Ba a fita da shi. Ba naki ba ne, an kuma faɗa miki!"

Ya buɗe yatsunta, ya ɗauke gurasar da hannu biyu ya mayar wa Fada. Mai Zare ta tsaya da tafinta a buɗe. Ta dubi jama'a, jama'a suka dube ta. Ta koma benci ta ɗauki jakarta da Littafinta, ta bi tsakiyar coci ta fita, takalminta na ƙwanƙwasa ƙasa. Dogo ya bi ta a guje.

Abincin da Inna ta dafa na mutum goma, ba wanda ya taɓa shi.

"Da gangan ta yi!" Katekis yana kai da kawowa a falo, jijiyar wuyansa a tashe. "An faɗa mata, ta ce to, sannan ta zo ta gwada mana cewa abin da muke girmamawa biskit ne a wurinta. Auta, ki cire yaron nan daga ranki. Na gama magana."

"Malam, da dai ka bi ta a hankali," in ji Inna. "Matar mutane, ka kama mata hannu a gaban…"

"A hankali? Shekara tara da suka wuce wani ya fita da shi a aljihu, aka same shi wurin mai tsubbu. Ni aka sa tsaro. In a hankali kike so, ki je ki tsaya a wurin."

Auta na jingine da bango tana kuka. Kalma huɗu kawai ake bukata daga bakinta: ban faɗa mata ba. Ta buɗe baki, ta dubi idon ubanta, ta rufe.

Washegari Dogo ya zo shagonta, ko babur ɗinsa bai kashe ba.

"Mama ta ce in ta ƙara jin sunanki a bakina, in nemi wata uwar. Jiya har dare ya yi ba ta ci komai ba. Ta ce an kira ta ne don a tozarta ta. Shekara ashirin tana shugabantar mata, yau an kama ta kamar ɓarauniyar kasuwa."

"Kashe mashin ɗin mana, Dogo, mutane na kallo."

Ya kashe, ya shigo ya zauna a kan tulin yadi. "Ni ma da laifina, da na riƙe ta. Amma babanki ya ce an faɗa mata. Wa ya faɗa mata? Ita ta ce ba wanda ya ce mata uffan."

Auta ta sunkuya tana gyara zaren keke wanda ba abin da ya same shi. "Ƙila ba ta gane ba ne."

"Bari, ya wuce. Ji nan, ina da filan. Mu je rajista a yi auren kotu, shaidu biyu, a sa hannu, shi ke nan. Ba Fada, ba Fasto. In sun huce sa neme mu."

"Kai siriyos kake?"

"Ban taɓa zama siriyos kamar yau ba."

"In sun ƙi hucewa fa? In haifi ɗa ba kakar da za ta ɗauke shi?"

"To me kike so in yi, Auta? Kullum sori, kullum a yi haƙuri! Shekara biyu fa!"

"Ka ba ni lokaci."

Ya tashi ya buga babur ya tafi, bai yi sallama ba.

Mako uku Auta ta yi ba ta san inda kanta yake ba. Ta ɗinka wa wata kastoma hannun riga a juye, ta farke, ta sake ɗinka shi a juye. Ta yanka yadin wata malamar makaranta da awon wata daban. In ta zauna sai ta ji kamar kujerar na da ƙaya, in ta tashi ba ta san abin da ta tashi yi ba. Zare ya ƙare mata, ta gwammace ta hau mota zuwa wani shago mai nisa da ta bi ta layin Mai Zare. Ta ɗaga waya ta rubuta wa Dogo saƙo, ta goge, ta sake rubutawa. Maganar kuma ta bazu. A famfo matan cocin Mai Zare suka daina amsa gaisuwar Inna. Wani dattijon Katolika ya fasa ba Dogo aikin wayarin gidansa. Mutanen da suka shekara suna aron guga da tsani a tsakaninsu, yanzu kowa ya tuna da abin da kakan wani ya faɗa a kan cocin wani.

Ranar Juma'a Inna ta shigo shagon, ta ja ƙofa ta rufe, ta tsaya a kanta.

"Ɗago ki dube ni. Ni na haife ki. Baƙin ciki na sa mutum ya kwanta, ke kuwa kin kasa kwanciya. Me kika ɓoye?"

Auta ta fashe da kuka, ta faɗa mata duka.

Inna ba ta rarrashe ta ba. "Wato mako uku kina kallon tsofaffi biyu suna cin mutuncin juna a kan abin da ke kika ƙulla. Tashi ki wanke fuska."

"Inna, ki faɗa wa Baba don Allah, ni ba zan iya…"

"Bakin da ya ce 'na faɗa' shi zai ce 'ban faɗa ba'. Kuma ba da ubanki za ki fara ba. Wadda aka kama wa hannu ita ce a gaba."

Shagon Mai Zare ƙunci gare shi, katako daga ƙasa har sama cike da zare kala-kala, kwalaben maɓalli a jere a kan kanta. Tana auna wa wata mata roba lokacin da Auta ta shigo ta durƙusa.

"Ina wuni, Mama."

"Wane kala kike so?"

"Ba saye na zo ba, Mama."

"To nan shago ne."

Auta ba ta tashi ba. Mai sayen roba ta tafi, wata ta zo ta sayi allura ta tafi, wani yaron tela ya zo neman zif baƙi, duk suna tsallake ƙafarta. Gwiwarta ta yi tsami. Sai da shagon ya yi shiru sannan ta ce:

"Mama, Baba ya aiko ni tun ranar Talatar nan in faɗa miki ba a karɓa. Na zo, kika ba ni kujera, kika ce mini 'yarki. Na ji kunya na kasa. Na koma na ce masa na faɗa. Shi har yau ya ɗauka kin sani kika yi. Ni ce, Mama. Ba shi ba ne, ba ke ba ce."

Mai Zare ta ajiye almakashi.

"Kunya," ta ce. "Kin ji kunyar faɗa mini magana a cikin shago, mu biyu, sai kika bari aka faɗa mini ita a gaban mutum ɗari uku. Da kin faɗa, da na yi fushi, ƙwarai kuwa. Da na yi masifa ta kwana biyu, in zo in zauna a bencina kamar dutse. Ni yarinya ce da za a ɓoye mini dokar gidan mutane?"

"Ki yafe mini, Mama."

"Ba ki ma tambaye ni abin da ya sa na riƙe ba. Ba wanda ya tambaya."

"Me ya sa, Mama?"

"Ku nake jira! A wurinmu ba mai ci kafin ɗan'uwansa. Na ga kowa na jefawa a baki yana wucewa, na ce to, su dai haka suke, ni bari in jira yarinyar nan ta sauko daga wurin waƙa, ubanta ma ya karɓa, mu ci tare tun da za mu zama gida ɗaya. Abin da na riƙe ke nan."

Mai Zare ta juya baya tana gyara kwalaben da suke a gyare.

"Tashi ki tafi. Ban ce na yafe ba, ban ce ban yafe ba. Je ki faɗa wa ubanki abin da kika faɗa mini, in kina da ƙarfin hali."

Auta ta sami ubanta a tsakar gida yana gyara ƙafar tabarau da zare. Ta durƙusa ta faɗa masa, har da dalilin riƙewar. Katekis bai ɗaga murya ba, abin da ya fi tsorata ta ke nan.

"Kin dube ni kin yi mini ƙarya."

"Na yi, Baba."

"Na tsaya a gidan Allah na ce wa baƙuwata 'an faɗa miki', alhali ba a faɗa ba. Kin sa ni shaidar zur a gaban bagade." Ya ajiye tabarau a cinyarsa. "Ta ce jira take mu ci tare?"

"Haka ta ce."

Ya shiga ɗaki ya rufe ƙofa. Kwana biyu bai yi wa Auta magana ba. Dogo ma da ya ji, sai ya aiko mata da saƙo layi ɗaya: "Har ni kika ɓoye wa?" Ta ba shi amsa da "E, ka yi haƙuri," ba ta ƙara da wani bayani ba, don babu. Ta ci gaba da zuwa shago, ta biya malamar makaranta yadinta, ta jira.

A rana ta uku Katekis ya sa farar rigarsa ta zuwa coci, ya ce wa Auta, "Wuce mu je." Inna ta yafa gyale ta bi su.

Mai Zare na ganinsu ta gyara zama, ba ta tashi ba. Dogo na kan tsani a cikin shagon yana canja mata ƙwan fitila, ya sandare a wurin.

"Maman Dogo, na zo ne a kan hannunki da na kama," in ji Katekis, yana tsaye, hularsa a hannu. "Na ɗauka raini ne, ashe ba ki sani ba. Na kunyata ki a gaban jama'a, kuma a gaban jama'a zan faɗa ranar Lahadi cewa laifin daga gidana yake. Ki gafarce ni."

"To gurasar fa?"

"Wannan kam, ko gobe kika ɗauka zan karɓe. Sai dai zan roƙe ki da baki, ba zan kama ki ba."

Dogo ya rufe ido a kan tsani. Inna ta taɓa gwiwar hannun mijinta. Amma Mai Zare sai ta yi wani ɗan guntun murmushi.

"Gara da ka faɗi haka. Da ka ce mini ka canja, da na san ƙarya ta zama gadon gidanku. Ni ma ka ji nawa: har gobe ban yarda teburin Ubangiji yana da mai gadi ba."

"Yana da shi. Ni ne."

"Kuma matar nan da kuke kunna wa kyandir…"

"Ba sujada muke mata ba, sau nawa za a faɗa? Uwar Ubangijinmu ce, girmama ta muke, muna roƙo ta yi mana addu'a."

"Ni ma uwa ce, ba wanda ya taɓa kunna mini kyandir."

"Ki haifi irin wanda ta haifa, ni zan fara kunnawa. Wannan da kika haifa ƙwan fitila ma tun ɗazu ya kasa ɗaurawa."

Dariya ta ƙwace wa Mai Zare, ta yi ƙoƙarin mayar da ita tari, ta kasa. "Kai Dogo, sauko ka ba surukinka kujera, kana tsaye a sama kamar tsuntsu!"

Kalmar "suruki" ta faɗo a shagon, kowa ya ji ta. Auta ta toshe baki da gefen mayafi.

Amma magana ba ta ƙare a nan ba, don Mai Zare ba ta sayen kaya sai ta juya bayansa. "A ina za a ɗaura? In a wurinku ne, wato dangina su zo su zauna suna kallo kuna ci, a ranar auren ɗana? Ba zan sake shiga wannan ba."

Katekis ya murza hular da ke hannunsa. Duk yayyen Auta huɗu da Mas aka ɗaura musu aure, kuma ya daɗe yana ganin ranar da autarsa za ta durƙusa da farar riga ta karɓi tarayya daga hannun Fada.

"Na je wurin Fada jiya," ya ce a hankali. "Ya ce in ɗaya ba ɗan Katolika ba ne, ana iya ɗaurawa ba tare da Mas ba. Karatu, wa'azi, alkawari, albarka. Ba wanda zai tashi ya bar wani a zaune. Fastonku ma zai iya yin addu'a. Ban so ba, Allah ya sani. Amma na yarda."

Mai Zare ta dube shi, ta ga abin da maganar ta ci masa. "To ni ma na rantse ba zan ƙara taka ƙofar nan ba. Zan taka. Ta tsakiya zan shiga, yadda na fita." Ta juya ga Auta. "Ke kuma, matso. Gidan da za ki shiga coci biyu ne a cikinsa. Za a yi zancen baftismar yara, za a yi zancen inda za su je ranar Lahadi, kuma za mu yi faɗa, ni da tsohon nan, kada ki yi shakka. Duk abin da ya taso, ki kawo mini shi da zafinsa. Kin ji ko?"

"Na ji, Mama."

"Na yafe. Tashi, kin tare wa kastoma hanya."

Dogo ya raka su bakin titi. Ya matso kusa da Auta ya ce, "Da na bi filan ɗina, da yanzu muna ɗakin haya ba mai gaishe mu."

"Ka huce?"

"Saura kaɗan. Ki ƙara ba ni kwana biyu in ja aji."

Ranar Lahadi Katekis ya gama karanta sanarwa, ya ninke takarda, ya faɗi abin da ya yi alkawari, da bakinsa, bai rage ba. Bayan wata biyu aka ɗaura auren. Mawaƙan coci biyu suka haɗu, suka yi gardama a kan wace waƙa za a fara da ita har sai da Inna ta raba su. Rabin jama'a suka yi alamar gicciye, rabi suka ɗaga hannu sama, aka ce amin a tare.

Ku 'yan mata da samari masu karatun nan, ku buɗe kunne. Bambancin da ke tsakanin gidajen nan biyu yana nan, bai tafi ko'ina ba, Katekis bai zama Furotesta ba, Mai Zare ba ta koyi jan rosari, carbin 'yan Katolika, ba. Wannan bambancin bai hana aure ba. Abin da ya kusa hana shi maganar minti ɗaya ce da yarinya ta ji nauyin faɗa. In kun san akwai inda addininku ko gidanku ya saɓa da na wanda kuke so, ku faɗa tun da wuri, a zaune, da ladabi, ku bar mutum ya yi fushinsa ya gama. In kuma kun riga kun yi kuskure, kada ku gudu rajista. Ku je ku durƙusa a inda kuka ɓata, ku jure tsamin gwiwa, ku jira manya su sauko da ƙafarsu. Auta ta jira, ta shiga ɗakinta da albarkar gida biyu.